KWAMFUTA CIKIN KWAMFUTA: BAYANI A KAN KWAMFUTOCIN KWAIKWAYO DA YADDA AKE KAFA ƊAKIN GWAJE-GWAJE A GIDA

1.0 GABATARWA

Duk malamin da ya taɓa koyar da ilmin kwamfuta ya san wata matsala wadda ba a cika kawo ta a taro irin wannan ba. Matsalar kuwa ita ce, ɗalibi ba ya ƙwarewa a kan na'ura sai ya ɓata ta ya gyara da hannunsa, alhali kuwa babu hukumar makaranta ko shugaban ofis da zai yarda a ɓata masa na'urar da ake aiki da ita don wani ya koyi gyara. Saboda haka sai ka tarar an kulle kwamfutocin ɗakin karatu, an hana ɗalibi sa wata manhaja ko cire wata. Ya gama karatu ya san sunan kowane abu a takarda, amma ranar da aka damƙa masa na'urorin wata ma'aikata, ranar ce zai fara yin kurakuran da ya kamata a ce ya yi su tun yana makaranta. Bahaushe ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai, to amma ina wurin gwajin?

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa wurin gwajin ya samu, kuma bai fi ƙarfin malami ko ɗalibi ya kafa shi a ɗakinsa ba. Hanyar kuwa ita ce a raba kwamfuta guda ta zama kwamfutoci da yawa, waɗanda za a iya ɓatawa a mayar ba tare da an yi hasarar kome ba. Za a fara da ma'anar kalmomin da za a yi amfani da su, sa'an nan tarihin wannan dabara da yadda take aiki, daga nan sai matakan kafa ɗakin gwaje-gwaje da abubuwan da suke kawo masa cikas.

2.0 MA'ANAR KALMOMI

Abin da ake nufi da kwamfutar kwaikwayo shi ne kwamfutar da ba ta da jikin kanta, wata manhaja ce ta ƙaga ta a cikin kwamfuta ta zahiri. Tana da nata masarrafi, watau sashen da yake yin lissafi, da tata ma'ajiyar wucin gadi wadda masu gyara suke kira ram, da nata faifan ajiya, da tata kafar sadarwa. Dukansu kuwa yanki ne da aka gutsuro mata daga na kwamfutar zahirin. Faifan nata ma fayil ne guda ɗaya kawai, wanda ake iya kwafewa ko sharewa kamar kowane fayil. Duk da haka babbar manhajar da aka ɗora mata, ko Windows ce ko Linux, takan yi aikinta kamar ita kaɗai ce a kan na'urar.

Masu wannan fanni suna kiran kwamfutar zahiri mai masauki, su kuma na kwaikwayon baƙi. Wannan kamance ya yi daidai da abin da muka sani na gidan fatoma, inda fatake da yawa suke sauka, kowa da ɗakinsa da kayansa, ba wanda yake leƙa ɗakin wani, amma rijiya ɗaya suke sha, ƙofa ɗaya suke fita. Manhajar da take raba ɗakunan, take kuma hana wani baƙo shiga haƙƙin wani, ita ce Turawa suke kira haifabaiza. A wannan takarda za mu kira ta sarkin gida.

Sarkin gida iri biyu ne, bisa ga rabon da Robert Goldberg ya yi a shekarar 1973. Nau'i na farko shi ne wanda yake zaune kai tsaye a kan ƙarfen na'ura, babu wata babbar manhaja a ƙarƙashinsa, kamar Xen da ESXi da Hyper-V. Nau'i na biyu kuwa shi ne wanda ake sawa a kan Windows ko Linux kamar sauran manhajoji, alal misali VirtualBox da VMware Workstation.

3.0 TARIHIN DABARAR DA YADDA TAKE AIKI

3.1 Asali

Mutane da yawa suna zaton wannan dabara sabuwa ce, alhali kuwa ta girmi kwamfutar tebur. A cibiyar binciken kamfanin IBM da ke garin Kambirij na jihar Masacusets a Amurka aka ƙaga ta. A wancan zamani kwamfuta guda takan cika ɗaki, tsadarta kuma ta sa tilas mutane da yawa su yi tarayya a kanta. A shekarar 1967 aka fara aiki da wata manhaja mai suna CP-40 a kan na'urar System/360 samfurin 40 wadda aka yi wa kwaskwarima, ta kuwa iya ɗaukar kwamfutocin kwaikwayo har 14 a lokaci guda. CP-67 ta biyo bayanta, sa'an nan a 1972 kamfanin ya fitar da VM/370. Abin lura a nan shi ne, tun a wancan lokaci masu rubuta manyan manhajoji suka gane amfaninta wajen gwaji, domin mutum yana iya rushe tasa kwamfutar kwaikwayon sauran jama'a suna ci gaba da aikinsu.

3.2 Sharuɗɗan Popek da Goldberg

A shekarar 1974 Gerald Popek da Robert Goldberg suka buga wata maƙala wadda har yau ita ce ginshiƙin wannan fanni. Sun kawo sharuɗɗa uku da ake buƙata ga sarkin gida. Na ɗaya, manhajar da take aiki a cikin baƙo ta yi aiki daidai da yadda za ta yi a kan na'urar zahiri. Na biyu, ikon rabon kayan na'ura ya kasance a hannun sarkin gida shi kaɗai. Na uku, mafi yawan umurnin baƙo su wuce kai tsaye zuwa ga masarrafi ba tare da sarkin gida ya sa baki ba, don kada aiki ya yi nawa.

Yadda abin yake tafiya shi ne kamar haka. Masarrafi yana da matsayi biyu, na shugaba da na mabiyi, kuma akwai umurnin da shugaba kaɗai yake da ikon bayarwa, kamar wanda ya shafi rabon ma'ajiya. Sarkin gida shi yake hawa matsayin shugaba, ya ajiye babbar manhajar baƙo a matsayin mabiyi, ita kuwa ba ta sani ba. Muddin lissafi na yau da kullum take yi, ba wanda zai tsayar da ita. Amma da zarar ta ba da umurnin da ya fi ƙarfin matsayinta, sai masarrafi ya dakatar da ita ya miƙa maganar ga sarkin gida. Shi kuma sai ya aiwatar da abin a cikin iyakar ɗakinta, ya mayar mata da amsa kamar ita ta yi da kanta. Ke nan dabarar ba za ta yi aiki ba sai in duk wani umurni mai taɓa rabon na'ura yana faɗawa cikin wannan tarko.

3.3 Matsalar Kwamfutar Tebur

A nan ne kwamfutar tebur ta gaza. Masarrafin Intel na zuriyar x86, wanda IBM ya sa a kwamfutarsa ta tebur a 1981, ba a ƙera shi da wannan niyya ba. Wani bincike da John Robin da Cynthia Irvine suka gabatar a shekarar 2000 ya ƙirga umurni 17 a cikin Pentium waɗanda suke taɓa al'amuran shugabanci amma ba su faɗawa tarkon. Baƙo zai ba da umurnin, masarrafi ya yi biris da shi ko ya ba shi amsar da za ta tona asirin matsayinsa, sarkin gida kuwa bai ji labari ba.

Hanyoyi uku aka bi aka warware wannan. Kamfanin VMware, wanda Diane Greene da Mendel Rosenblum da abokansu suka kafa a 1998, ya fitar da Workstation a 1999. Dabararsa ita ce a riƙa karanta umurnin baƙo kafin su isa ga masarrafi, a musanya masu hatsarin da waɗansu. A 2003 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka fito da Xen, inda aka gyara babbar manhajar baƙo ta san cewa baƙuwa ce, ta riƙa roƙon sarkin gida abin da take so. Hanya ta uku ita ce gyara ƙarfen kansa: Intel ya fito da VT-x a 2005, AMD kuma ya fito da AMD-V a 2006. Bayan wannan sai abin ya yi sauƙi, har aka shigar da KVM cikin ƙashin bayan Linux a 2007, a wannan shekara kuma aka saki VirtualBox ga jama'a kyauta. Hayar kwamfuta ta intanet, irin wadda Amazon ya fara a 2006 da Xen, a kan wannan tushe aka gina ta. Watau ɗalibin da ya koyi wannan abu a ɗakinsa, ainihin abin da manyan ma'aikatu suke aiki da shi ya koya.

4.0 KAFA ƊAKIN GWAJE-GWAJE

4.1 Zaɓen Na'ura

Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne neman babbar saba irin ta ma'aikatu. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza: irin wannan na'ura tana da ƙara, tana fitar da zafi, tana kuma shan wuta fiye da abin da ɗaki zai ɗauka. Abin da ake buƙata shi ne kwamfuta mai masarrafi da yake da VT-x ko AMD-V, da ram gwargwadon hali, da faifai irin na SSD. Sau da yawa wannan sashe na masarrafi yakan zo a kashe, sai an shiga saitin farko na na'urar, watau BIOS, an kunna shi. Mutum yakan yi kwanaki yana zargin manhaja alhali abin da ya rage masa ke nan.

Tsofaffin kwamfutocin ofis sun isa wannan aiki. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 tana da sharuɗɗan da na'urori da yawa ba su cika ba, ciki har da guntun tsaro na TPM 2.0. Irin waɗannan na'urori da ofisoshi suke yarwa lafiyarsu ƙalau, kuma Linux ba ta ƙi su ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

4.2 Zaɓen Sarkin Gida

Wanda yake da kwamfuta ɗaya tak, wadda da ita yake rubutu da sauran ayyukansa, nau'i na biyu ya dace da shi. Ya sa VirtualBox, ya buɗe baƙi lokacin gwaji, ya rufe su in ya gama. Wanda kuwa ya sami na'ura ta biyu da zai keɓe, ya fi kyau ya ɗora mata nau'i na farko ko makamancinsa. Proxmox VE, wadda wani kamfani na birnin Biyana a Ostiriya ya fara fitarwa a 2008, an gina ta a kan Debian da KVM, ana kuma sarrafa ta daga wata kwamfutar ta hanyar burauza.

Akwai darasi a cikin abin da ya faru da ESXi. Shekara da shekaru masu ɗakunan gwaje-gwaje na gida suna amfani da samfurinta na kyauta. Kamfanin Broadcom ya sayi VMware a Nuwamba 2023, a Fabrairu 2024 aka janye samfurin kyautar, sa'an nan aka dawo da shi a 2025. Malamin da zai tsara darussan shekara guda a kan wata manhaja, ya kamata ya duba ko kyautar tata tana rataye ne da ra'ayin kamfani guda, ko kuwa lasisinta ne ya ba kowa ikon amfani da ita.

4.3 Rabon Kayan Na'ura

Masarrafi yana jure cunkoso, domin baƙi ba su cika neman sa a lokaci guda ba, suna karɓa-karɓa ne. Ram kuwa ba haka take ba. Abin da aka ba wani baƙo ya fita daga hannun sauran, in kuwa ta ƙare sai na'ura ta koma rubuta abin da ya yi saura a kan faifai, aiki duka ya tsaya cik. Saboda haka ram ita ce ma'aunin girman ɗakin gwaje-gwaje.

Mu ƙaddara na'ura mai ram gigabait 16. Za a iya barin 2 ga sarkin gida, a ba katangar tsaro 1, sabar Linux 2, Windows 11 kuma 4, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da take karɓa. Sa'an nan a ba kwamfutar gwajin kutse 2, wadda za a kai wa harin kuma 1. Jimla 12 ke nan, saura 4 na ko-ta-kwana. Da wannan rabo mutum guda ya mallaki baƙi biyar, watau kwatankwacin ƙaramin ofis. In ana son ƙarin sabobin Linux ba tare da ƙarin ram ba, sai a koma ga kwantena irin ta LXC ko Docker, wadda ba ta da babbar manhajar kanta, aron ta mai masauki take yi. Ta fi sauƙin nauyi, amma katangar da ke tsakaninta da mai masauki ba ta kai ta kwamfutar kwaikwayo kauri ba.

4.4 Hanyoyin Sadarwa

Sarkin gida yakan ba da zaɓi uku wajen haɗa baƙi. Akwai hanyar gada, inda baƙo yake bayyana a kan layin gida da adireshinsa kamar kowace na'ura. Akwai hanyar fakewa, inda baƙo yake fita intanet da adireshin mai masauki, na waje kuwa ba su iya riskarsa. Akwai kuma hanyar cikin gida, inda baƙi suke magana da junansu kawai. Ana ba su adireshi daga jerin da aka keɓe tun 1994 don amfanin cikin gida, watau masu farawa da 10, da 192.168, da kuma 172.16 zuwa 172.31.

Wannan zaɓi ba ƙaramin abu ba ne. Duk kwamfutar da aka bari da rauni da gangan don koyon kutse, ko wadda za a gwada muguwar manhaja a cikinta, tilas ne a tsare ta a hanyar cikin gida. Manhajar WannaCry ta watan Mayu 2017 da kanta ta riƙa tsallakawa daga na'ura zuwa na'ura a kan layi, ba tare da wani ya taɓa kome ba. Wanda ya gwada irinta a hanyar gada, kwamfutocin iyalinsa ya miƙa mata.

4.5 Hoton Hali da Kwafin Ajiya

Babbar fa'idar kwamfutar kwaikwayo ga mai koyo ita ce hoton hali. Kafin ya yi wani gwaji mai hatsari sai ya umurci sarkin gida ya riƙe yanayin baƙon kamar yadda yake a wannan lokaci. Daga nan duk abin da aka sauya a wani fayil dabam ake rubuta shi. In gwajin ya ɓaci, sai a yar da sabon fayil ɗin, baƙo ya koma yadda yake cikin ɗan lokaci kaɗan. Wannan ne yake cire wa ɗalibi tsoro, tsoro kuwa shi ne babban abin da yake hana shi koyo.

Sai dai a kula, hoton hali yana zaune ne a kan faifan da baƙon yake. In faifan ya mutu, da baƙon da hotunansa duk sun tafi tare. Kwafin ajiya dabam yake: a kwafe baƙon ɗungurungum zuwa wani faifai na waje. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Kuma kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi ba, ba a san ko yana aiki ba. Mayar da shi ɗin ma darasi ne da ya kamata a sa ɗalibi ya yi.

5.0 WUTA DA ZAFI DA ƘURA

Yawancin littattafan wannan fanni an rubuta su ne a ƙasashen da wuta ba ta cika ɗaukewa ba. Mu a nan tilas mu fara lissafi daga wutar. Mu ƙaddara ƙaramar kwamfuta mai shan wat 20. In ta kwana ta wuni a kunne har kwana 30, za ta sha yunit 14.4 a mita. Saba mai shan wat 200 kuwa yunit 144 za ta sha. Haka kuma batir mai bolt 12 da amfiya 100, in aka yi amfani da rabin cajinsa kamar yadda ake so ga batirin dalma, zai riƙe ƙaramar kusan awa 30 a lissafi, babbar kuwa awa 3, kafin a cire abin da inbata take ci.

Ɗaukewar wuta ba zato ta fi yi wa irin wannan na'ura illa, domin faifan baƙi biyar ne ake rubutawa a lokaci guda, kowanne kuma yana iya lalacewa. Don haka kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda take da batirinta a jiki, takan fi ta tebur dacewa da mai farawa. Bugu da ƙari, a watannin bazara zafi yakan wuce digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, masarrafi kuwa in ya yi zafi yakan rage gudu da kansa. Ƙurar hunturu ita ma tana toshe fanka. Ɗora na'ura a kan tebur inda iska take ratsawa, da share ƙurarta a kai a kai, suna cikin aikin.

6.0 IYAKAR DABARAR

Kada a ɗauka katangar da ke tsakanin baƙo da mai masauki ba ta tsaguwa. A 2015 an gano wani rauni da aka sa wa suna VENOM a cikin QEMU, a sashen da yake kwaikwayon tsohon faifan fulofi, wanda zai iya ba baƙo damar tsallakowa zuwa ga mai masauki. Maganin irin wannan shi ne sabunta sarkin gida a kan kari, da kuma raba na'urar gwajin miyagun manhajoji da wadda ake ajiye takardun jarrabawa ko sirrin aiki. Har ila yau akwai abin da kwaikwayo ba ya koyarwa, kamar haɗa waya da sauya faifan da ya mutu da gane ƙamshin abin da ya ƙone. Waɗannan sai an taɓa ƙarfe.

Akwai kuma iyaka ta shari'a. Abin da ɗalibi ya koya na kutse a kan baƙinsa, a kansu ya halatta ya tsaya. Dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta shekarar 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma cewa gwaji ake yi ba hujja ba ce. Wajibi ne malami ya faɗi wannan tun a darasin farko.

7.0 KAMMALAWA

An nuna a wannan takarda cewa dabarar da aka fara aiki da ita a 1967 don mutane da yawa su yi tarayya a kan kwamfuta guda, ita ce a yau take ba mutum guda kwamfutoci da yawa. An kuma nuna cewa abin da yake iyakance ɗakin gwaje-gwaje na gida shi ne ram da wuta da kulawar mai shi. Shawarar da za a bayar ga sassan koyar da ilmin kwamfuta ita ce, su riƙa shirya baƙi waɗanda aka riga aka ɗora wa manhaja, su raba wa ɗalibai a kan filashi, tun da saukar da gigabait da yawa daga intanet yana da tsada ga ɗalibi. Sa'an nan a cikin aikin da ake ba da maki a kansa, a riƙa ba ɗalibi baƙon da aka ɓata da gangan, a ce ya gano ciwon, ya gyara, ya rubuta matakan da ya bi. Ana fata mahalarta wannan taro za su tattauna yadda za a shigar da irin wannan aiki cikin manhajar karatu, da kuma kalmomin da aka yi amfani da su a nan, ko sun dace ko akwai waɗanda suka fi su.